Birkin da ya ƙi saki: kalifar wata Corolla daga alamar farko zuwa gyaran ƙarshe

Motar da aikinta

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, tana lodin fasinja tsakanin Kano da Zariya, kuma direban shi ne mai ita. Birkin gabanta na diski ne, na baya na dram. Kalifar gaba, wato ƙarfen da ke rungume da diski yana matse shi tsakanin fad biyu masu goga shi, irin mai fistan ɗaya ce, wadda ke zamiya a kan fil guda biyu. In an taka birki, man birki ya tura fistan, fistan ya danna fad na ciki a jikin diski, sannan jikin kalifar ya zame a kan fil ɗin ya jawo fad na waje.

Babu wani sifirin da ke mayar da fistan baya. Abin da ke mayar da shi siririn zoben roba ne mai kusurwa huɗu, wanda makanikai ke kira sil, yana zaune cikin gurbinsa a ramin kalifar. Fistan in ya fita sai sil ɗin ya ɗan lanƙwasa, in an ɗaga ƙafa ya miƙe ya dawo da shi da tazarar da ba ta kai rabin milimita ba. Wannan 'yar tazarar ita ce duk sakin birkin. Tsatsa kaɗan a jikin fistan, ko fil da ya cije, ko mai da ya rasa hanyar komawa, kowanne ya isa ya cinye ta.

A shekara uku da motar ta yi a hannun direban ba a taɓa zubar da man birkinta an sa sabo ba. In ya yi ƙasa a kofi sai a ƙara.

Rana ta 1 zuwa ta 4: alamun farko

A ƙarshen watan Agusta, damina ta kankama, motar ta ratsa ruwa mai kai wa tsakiyar taya har sau biyu a cikin gari, sannan ta yi kwana huɗu a ajiye. Ranar da ta koma aiki direban ya ji ta yi nauyi wajen tashi. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne a ƙofar gidansa, inda akwai ɗan gangare da motar ta saba mirginawa da kanta in an sa ta firi, yanzu sai ta tsaya cak.

A rana ta 3 ya fara jin ƙauri in ya tsaya sauke fasinja. Rim ɗin gaban dama ya yi baƙi da ƙurar fad, na hagu kuwa fes. Sitiyari yana ɗan ja dama a miƙaƙƙen titi. Fetur ɗin da ya saba kai shi Zariya ya dawo da shi ya daina isa.

Rana ta 5: gyaran farko, sabon fad

A garejin farko an kwance tayoyin gaba. A hagu fad biyun sun ci daidai, kaurin kowanne saura wajen milimita 7. A dama na waje saura milimita 6, na ciki kuma milimita 2 kacal. Sabon fad na wannan mota milimita 11 ne, kuma mafi ƙarancin da ya halatta a bari milimita 1. Bakaniken ya ce fad ne ya ƙare, aka sayo sabon saiti.

Wajen sa shi fistan ɗin dama ya ƙi komawa. Aka sa masa ƙarfen cire taya, ya ƙi, aka kawo babban matsi aka murɗa har ya shige da ƙara. Ba a buɗe nifil ba, wato 'yar kusar jikin kalifa da ake fitar da iska da mai ta cikinta, ba a kuma ɗaga robar kare ƙura an leƙa ƙarƙashinta ba. An zare fil biyun, an wanke su da fetur, an shafa musu baƙin giris ɗin da ake sa wa boris. Duk tsawon aikin kalifar tana reto a jikin tiyon birki, ba a rataye ta da waya ba.

Motar ta saki. Kwana uku direban yana aiki lafiya, a na huɗu ƙaurin ya dawo.

Rana ta 12: alayimen

Saboda jan sitiyarin aka kai ta alayimen, aka kuma musanya tayoyin gaba da na baya. Babu abin da ya canza.

Rana ta 15: a Kwanar Dangora

Da rana tsaka, mota cike da fasinja da kaya a but, direban ya taka birki a Kwanar Dangora sai motar ta fizga hagu, ba dama ba, fedar kuma ta yi laushi ta nutse fiye da yadda ta saba. Wannan juyin yana rikita direbobi da yawa, amma dalilinsa a fili yake. Birkin da ke riƙe yana jan mota wajensa lokacin tafiya. In ya yi zafi har fad ɗinsa ya daina kamawa, to da an taka birki ɓangaren mai lafiya ne kaɗai zai kama, sai motar ta bi shi.

Laushin fedar kuma daga man ne. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas. Amma man birki yana shan damshin iska, kuma in ruwan da ke cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari ƙa'idar DOT 3 ta yarda ya sauko har digiri 140. Man da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa ƙafa ke tafiya ƙasa.

Da ya samu ya tsaya, hayaƙi na fita daga tayar dama. Mutanen wurin suka kawo ruwa a bokiti aka sheƙa wa diskin, ya yi cuuu. Bayan kusan awa ɗaya fedar ta dawo, aka lallaɓa zuwa Zariya. Daga ranar, duk lokacin da aka taka birki a guje sai feda da sitiyari su riƙa karkarwa.

Rana ta 16: gyara na biyu, kalifar Beljiyam

Gareji na biyu ya ce kalifa ce ta riƙe, kuma gaskiya ne. Aka sayo ta hannu, wadda ake kira Beljiyam, jikinta kawai ba biraket, wato ƙarfen da ke riƙe ta da fad a jikin mota. Aka ɗora ta a kan tsohon biraket da tsofaffin fil, aka ɗaura mata tsohon tiyo da tsofaffin wasa biyu na tagulla, wato zobban da ke hana mai yoyo a mahaɗar. An fitar da iska a wannan tayar kaɗai, da ragowar mai daga wata kwalba da ta daɗe a buɗe. Fad da diski ba a taɓa su ba. Tsohuwar kalifar direban ya jefa ta a but.

Yanayin ciwon ya sauya. Da safe motar a sake take. Sai an yi tafiya, musamman bayan an taka birki da ƙarfi, sannan tayar dama ta kama, in an bar ta minti ashirin zuwa talatin ta saki da kanta. Aka fara ce wa direban masta ce, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, wani kuma ya ce na'urar ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi.

Rana ta 22: gwaji kafin kwance komai

A gareji na uku direban ya shigo da maganar masta. Bakaniken ya ce masa, "Malam, bari mu tambayi motar tukuna kafin ka sayi wani abu."

Aka yi tafiyar kilomita 10 da ita, aka dawo aka haska na'urar auna zafi a kan diski biyun. Na hagu digiri 75, na dama ya haura 200. Aka ɗaga gaba, aka kafa ta a kan ƙarafan tsayawa, aka sa waigi a tayoyin baya. Aka taka birki da ƙarfi sau goma aka saki. Tayar hagu tana juyawa da hannu ɗaya. Ta dama sai da hannu biyu, da ƙyar.

Gwaji na farko: an buɗe nifil ɗin kalifar dama kwata ɗaya na zagaye. Mai ya yi tsartuwa, baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, alhali babu ƙafar kowa a kan feda. Tayar ta saki, amma ba duka ba. Wannan ya nuna abu biyu lokaci guda. Tsartuwar tana nufin akwai matsin mai da ya maƙale a cikin kalifar. Saura riƙon da bai tafi ba yana nufin akwai kuma wani ƙarfe da ya cije. Da a ce fistan ko fil ne kaɗai, buɗe nifil ba zai sauya komai ba, mai zai ɗiga ne kawai.

Gwaji na biyu shi ne neman inda man ke maƙalewa. Aka rufe nifil, aka sake taka birki har tayar ta kama, sannan aka sassauta mahaɗar da ke sama, inda fayif ɗin ƙarfe ya haɗu da tiyon roba. Mai ya ɗan jiƙa wurin, tayar ba ta saki ba. Da masta ce ko ABS ke riƙe matsin, da nan take ta saki, domin an buɗe hanya a ƙasa da su. Tunda sai an buɗe nifil take saki, toshiyar tana tsakanin mahaɗar da kalifar, wato cikin tiyo. Gwajin biyu ba su ci minti goma sha biyar ba.

Abin da aka tarar a kan benci

Tiyon daga waje lafiya lau yake, babu tsaga babu kumburi. Da aka tsaga shi a tsaye kusa da ƙarfen da ke ƙarshensa, sai ga robar ciki ta ɓare ta kwanta a kan hanya kamar harshe. Ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce ta, amma ɗan ƙarfin sil ba ya iya mayar da shi, sai dai ya riƙa tsiyaya a hankali. Shi ne sakin da motar ke yi bayan rabin awa.

Fil ɗaya ya fito da yatsa. Ɗayan, mai 'yar roba a kansa, sai da aka kama shi da filaya ana murɗawa ana ja. Robar ta kumbura ta cika ramin, giris ɗin kuma ya daskare ya zama kamar kwalta. Robobin birki ba sa shiri da duk wani abin da aka samo daga man fetur, ko fetur ɗin kansa, ko kananzir, ko baƙin mai, ko giris ɗin boris. Suna shan sa su kumbura. Fad ɗin da aka sa a rana ta 5 sun shaida hakan, don sun ci a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya siranta, fuskarsu kuma ta yi santsi tana ƙyalli saboda ƙuna. A biraket, tsatsa ta taru ƙarƙashin 'yan faifan ƙarfen da kunnuwan fad ke zamiya a kai, har sai da aka ƙwanƙwasa fad ɗin kafin su fita.

Aka ɗauko tsohuwar kalifar daga but. An sa guntun katako a gaban fistan, an rufe da tsumma, an hura iska ta ramin tiyo kaɗan kaɗan. Ba a sa yatsa a wurin, don fistan yana fitowa ne da ƙarfin da zai iya karya ƙashi. Robar kare ƙurar tana da yaga ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an juya kalifar, tsawonta bai wuce na farce ba. Bayanta akwai laka da jan ruwa. Fistan ɗin ya yi zoben tsatsa, kuma da aka goge shi sai ga ƙananan ramuka sun ci cikin ƙarfen, farce yana maƙalewa a cikinsu. Sil ɗin ya ƙone ya yi tauri, kusurwoyinsa sun zama zagaye.

Kalifar Beljiyam ɗin fistan ɗinta sumul yake, ramin ma haka, nifil yana kwancewa lafiya. Robar ƙurarta ce kawai ta fara tsattsagewa don tsufa.

Diskin dama ya yi shuɗi-shuɗi, da ƙananan tsagu kamar gashi a fuskarsa. Kaurin sabonsa milimita 25 ne, iyakarsa 23. An auna shi da maikuromita a wurare takwas, mafi siranta ya ba da 23.4. Karkatarsa in ana juya shi ta kai milimita 0.14, alhali abin da aka yarda da shi 0.05 ne.

Gyara ko sauyawa

A irin wannan kalifar sil yana zaune ne a jikin ramin, fistan ne ke goga shi. Saboda haka fuskar fistan da gurbin sil su ne ke yanke hukunci. Ɗan dattin da ke bakin rami ana iya goge shi a ci gaba da aiki. Fistan mai ramuka kuwa babu gyara, domin in an bi shi da sandfefa an cire rufin da ke kare shi, zai sake tsatsa cikin 'yan watanni, ramukan kuma su yanke sabon sil. Tsohuwar kalifar ta haɗa fistan mai ramuka da gurbin da tsatsa ta ci gefensa, aka ajiye ta. Ta Beljiyam ɗin aka zaɓa a sabunta da kit, wato saitin sababbin robobinta. Diskin kuma in aka kai shi a fere zai faɗa ƙasa da 23, ga tsagu, sai sauyi.

Kayan da aka sayo a Ƙofar Ruwa: tiyon birki biyu, kit ɗin kalifa biyu mai sil da robar ƙura da robobin fil, fil biyu na dama, wasan tagulla huɗu, diski biyu, saitin fad da faifansa, lita ɗaya ta man DOT 3 a rufe, da giris ɗin roba. An sayi na hagu ma saboda shekarunsu ɗaya da na dama, kuma birkin gaba in bai kama daidai ba mota za ta ci gaba da ja.

Rana ta 23: aikin

An ɗan danna feda an tokare ta da sanda a jikin kujera kafin a kwance tiyo, don kada kofin mai ya tsiyaye iska ta shiga ABS. Ba a matse tiyo da filaya ba.

An zaro tsohon sil da tsinken roba, ba da sukudireba ba, don kada a karce gurbin. An wanke ramin da fistan da sabon man birki. An jiƙa sabon sil da man, an zaunar da shi ana bin sa da yatsa a tabbatar bai murɗe ba. An sa robar ƙura, sannan aka tura fistan a miƙe. Ya shiga da ƙarfin manyan yatsu biyu. Fistan ɗin da sai an sa masa matsi kafin ya shiga sabon sil, to ya karkace ko akwai saura datti, a fito da shi a sake dubawa.

Biraket an cire shi an kankare tsatsar da burushin waya har ƙarfe ya fito, an wanke ramukan fil an busar, an sa sababbin faifai. Fil an shafa musu giris ɗin roba siriri, ba a cika ramin ba, domin giris in ya yi yawa yana kulle iska a ciki ya turo fil ɗin waje. An kankare fuskar hob, inda diski ke zama, kafin a ɗora sabon diski, an goge man da ke jikin diskin, an auna karkata ta ba da 0.03. An juya boris an saurara saboda zafin da ya sha, babu ƙara babu wasa, aka bar shi.

Ɗaurin an yi shi da sifana mai auna ƙarfi: kusoshin biraket 107 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), na fil 34, kusar tiyo 29 da sababbin wasa, notocin taya 103. An tabbatar nifil yana sama a kowane ɓangare, don kalifar da aka sa a juye iskarta ba ta fita. An juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga tiyo bai murɗe ba kuma bai taɓa taya ba.

An zuƙe tsohon man da ke kofi, an cika da sabo, an fitar da iska a tayoyi huɗu: bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. A kowace an ci gaba har man ya fito garau babu kumfa, ana ƙara kofi kada ya sauka ƙasa da rabi. Kafin motar ta motsa an taka feda har ta yi tauri. A titi marar cunkoso an yi tsayuwa goma daga kilomita 60 zuwa 10 a awa ba tare da tsayawa cak ba, sannan aka yi tafiyar minti biyar ba a taɓa birki ba don diskin ya huce.

Rana ta 23 zuwa ta 53: sakamako

Bayan irin tafiyar kilomita 10 ɗin nan, diskin hagu ya ba da digiri 78, na dama 82. Tayoyin biyu suna juyawa da hannu ɗaya bayan an taka birki sau goma. Karkarwar ta tafi, jan sitiyarin ma haka. Washegari motar ta mirgina da kanta a gangaren ƙofar gida. Bayan kwana bakwai an duba mahaɗai, babu jiƙa. Bayan wata ɗaya an cire tayoyin, fad huɗun sun ci daidai, rim biyun ƙurarsu ɗaya.

Abin da ya faru, da dalilinsa

Asalin ciwon yagar robar ƙura ce. Ruwan damina ya shiga, kwana huɗun ajiya suka ba tsatsa damar kama fistan. A rana ta 5 shaidar tana gaban ido: fad ɗaya cikin huɗu ya ƙare shi kaɗai, fistan kuma ya ƙi komawa. A ranar fistan da kit ne za su raba gardama, diski da tiyo da fil duk suna da sauran rai. Tura shi da ƙarfi ya kankare tsatsar na kwana uku ne kawai. Wannan aikin kuma shi ya ƙara ciwo biyu da babu su a da, wato giris ɗin da ya kumbura robar fil, da reton kalifa a jikin tsohon tiyo, wanda zafin Kwanar Dangora ya zo ya ƙarasa. Ruwan da aka sheƙa wa diski mai zafi da kyakkyawar niyya aka yi, amma ƙarfen zubi ba ya jure sanyin farat ɗaya. Abin da ya dace shi ne a bar shi ya huce da kansa, a kuma ƙi ɗaukar fasinja da birkin da mansa ya riga ya tafasa.

Gareji na biyu ya gano kalifa daidai, kayan da ya sa ma mai kyau ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauki kalifa a matsayin ƙarfe guda, alhali fil da biraket da tiyo da mai duk cikin aikinta suke, kuma bai taka birki ya juya tayar ba kafin ya sallami motar. Da ya yi, da tsartuwar nifil ta nuna masa tiyon a ranar, da kuma ba a kai ga zargin masta da ABS ba, waɗanda lafiyarsu ƙalau tun farko. Direban yanzu yana sauya man birki duk shekara biyu, kuma duk sauyin fad sai an juya kalifa an duba robar ƙura ta ƙasa, musamman kafin faɗuwar damina.